Hoton Ƙugun Raɓa

Yau wata huɗu ke nan da muka binne Raɓa a bayan lambu, sai yanzu na samu natsuwar da zan zauna in rubuta yadda jinyarta ta kasance. Raɓa karya ce, ba mutum ba. Gara in faɗa tun da wuri, domin wanda yake ganin bai kamata a ɓata takarda saboda kare ba ya huta da karatu. Amma wanda yake da kare, ko yake shirin saye, musamman manyan nan na Turawa da suka cika Jos yanzu, shi nake roƙo ya daure ya kai ƙarshe. Da na taɓa jin irin wannan labari a bakin wani kafin in saye ta, da abubuwa da yawa ba su faru ba.

Sunana Haladu. Iyalina a unguwar Ali Kazaure suke, amma a Naraguta nake yini, inda nake da lambu a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa tun kafin a haife ni. Kabeji da latas da karas nake nomawa. Ruwan ramin kore ne, ba ya motsi, kuma ban taɓa jin wanda ya san iyakar zurfinsa ba. Da sassafe wani farin tururi yakan kwanta a kansa, sai duwatsun da ke ƙetare su rabu da ƙasa, ka gan su tsaye a sama babu gindi. Shekara ashirin ina ganin wannan abu, har yau nakan tsaya da tiyo a hannu in manta abin da na zo yi.

Sata ce ta sa na nemi kare. Sau biyu ana ɗauke mini tiyo, a na uku aka kwance kan injin ban-ruwa. Maƙwabcina na lambu, Baba Azi, dattijo ne ɗan asalin wurin, shi ya kai ni wajen Oga Chidi, wani mai sayar da fenti da ƙusa a Titin Bauchi da ke kiwon karnuka a bayan shagonsa. Ya nuna mana uwar da uban, manya-manya masu tsayayyun kunnuwa, irin waɗanda ake ce wa Alsheshan. Na ɗauki 'yar kwikwiyarsu ɗaya, na duba haƙora, na duba ido, na duba faɗin tafin ƙafa kamar yadda Baba Azi ya koya mini. Aka ba ni katin allura. A cikinmu mu uku babu wanda ya ambaci ƙugu, don babu wanda ya san akwai abin dubawa a can.

Ranar da na kawo ta lambu ta shige cikin latas ta fito jiƙe sharkaf da raɓa, sunan ya bi ta ke nan. Ba ta taɓa taka gidana ba. A lambu take kwana, tana da kwanonta daban, ni ma ina da rigar aiki daban da ta salla. Matata Hajara ba ta taɓa kai mata hannu ba, amma ban taɓa fita da safe ba tare da ta miƙo mini ledar ƙanzo da ƙasusuwa ba. Akwai wani fa, dutse mai faɗi, a tsakiyar lambun, tsawonsa ya kai ƙirjina, a kansa Raɓa take zama ta ga ko'ina. Tun daga inda keke mai ƙafa uku yake sauke ni take hango ni, ta diro ta sheƙo a guje. Tunda ta zo ko ganyen latas bai ƙara ɓacewa ba. Da ta kai shekara uku na mai da ita wajen Oga Chidi aka haɗa ta da wani karensa, ta haifi 'ya'ya shida. Ɗaya ya mutu, na ba Baba Azi mace ɗaya, sauran huɗun na sayar, ina ta murna.

Ciwon ya bayyana ne a farkon sanyi, kamar wata takwas bayan haihuwar. A satin farko ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na sauka daga keke wata safiya ban ga kowa a kan fa ba. Na same ta kwance a gindinsa tana kaɗa mini jela, sai da ta yi yunƙuri biyu kafin ta miƙe. Da rana ta ɗaga sai jikin ya sake, ta yi ta harkokinta. Na duba tafin ƙafarta ko ƙaya ce, ban ga komai ba. Baba Azi ne ya fara lura da gudunta. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Malam Haladu, kare naka yana gudu kamar zomo." Na duba, haka ne kuwa. Ƙafafun baya biyu tare take ɗaga su, tare take ajiyewa. In za ta zauna kuma sai ta zube su gefe guda kamar mace mai tankaɗe. Muka ce sanyi ne, na kawo mata tsohon bargo.

A sati na biyu shawarwari suka fara zuwa. Hajara ta ba ni man zafi. Yayana Inuwa ya ce in ji tsoron Allah, mutane na kwance a asibiti ni ina zaman jinyar kare. Wani mai sayen karnuka da ke yawo da keji a bayan babur ya tsaya a bakin hanya ya ce in sallama masa ita tun tana da nama a jiki, Baba Azi ya raka shi da kallo har ya tayar da babur ɗinsa. Na roƙi wani maɗori na unguwarmu ya zo, ya ce shi ba ya taɓa kare, amma don zumunci ya biyo ni. Ya tsaya nesa kaɗan yana gaya mini inda zan danna da yadda zan lanƙwasa ƙafar. Ya ce babu karaya babu targaɗe, abin daga can ciki yake, ya fi ƙarfin kara da tsumma. Har gobe ina gode masa da bai yaudare ni ba.

A wannan satin ne na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Wani mai kemis ya ce ciwon gaɓa ai duk ɗaya ne, ya ba ni maganin ciwon jiki irin wanda muke sha. Na riƙa cusa mata a cikin tuwo safe da yamma. Kwana biyu ta yi garau har ta gwada hawa fa. A rana ta huɗu ta daina cin abinci, ta yi amai, kashinta ya koma baƙi ƙirin. Don Allah kada kowa ya ba kare maganin mutane. Ni na yi, da hannuna, ina ganin taimako nake yi.

Sati na uku muka nufi asibitin dabbobi a cikin gari. Masu keke uku na tsayar, kowa ya leƙa ya ga girmanta sai ya ja abinsa. A ƙarshe Baba Azi ya tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa da yake kai kaya kasuwa, na zauna a baya da ita a kan buhuna. A can muka tarar da layi a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ga wata mata da kaji a kwali, ga Bafillace da ɗan maraƙi mai zawo, ga wata ɗalibar jami'a da kyanwa a cikin kwandon wanki tana yi mata magana da Turanci. Tun ƙarfe takwas muke zaune har aka kira azahar. Babu wanda ya yi wa wani magana sosai. Kowa hannunsa a kan dabbarsa, rana tana ratsowa ta hujin kwano tana yawo a jikinmu, sai na ji kamar dukanmu a mota ɗaya muke, za mu wani gari mai nisa da babu wanda ya san sunansa.

Likitar da ta gan mu matashiya ce, Dokta Nanret, 'yar siririya mai sanyin murya. Ta sa aka ɗaura wa Raɓa takunkumi, ta ce in yi tafiya da ita zuwa bango in dawo, tana tsugune tana kallon bayanta. Sannan ta kwantar da ita ta ja ƙafar hagu baya a hankali. Raɓa ta yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba, siriri kamar na jariri. Da na faɗi maganin da na ba ta, likitar ta ajiye biro ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce da na ƙara kwana uku da ba maganar ƙafa muke yi ba yanzu. Ta rubuta maganin ciki, ta ce sai ya lafa za a ɗauki hoton ƙashi, kuma ranar a kawo ta ba ta ci komai ba, don sai an yi mata allurar barci.

Sau biyu muna zuwa ɗaukar hoton muna komawa. Na farko babu wuta, janareta kuma ba ya iya ɗaukar na'urar. Na biyu mai na'urar ya tafi jana'iza. Duk sau biyun Raɓa ta kwana da yunwa a banza, ta sha jijjigar hanya a kan ƙugun da yake mata ciwo, kuma babu wanda ya ga ya dace ya buga mini waya alhali lambata na kan katinta. Wannan ina da ƙorafi a kansa har yanzu. Sai a sati na biyar abin ya yiwu, bayan na sayar da komi uku na kabeji tun bai gama ƙullawa ba.

Ban taɓa ganinta tana barci irin wannan ba. Allurar na shiga ta sulale a hannuna, harshe a waje. Suka kwantar da ita rigingine a cikin wani abu mai kama da kwami, suka miƙar da ƙafafun baya suka jera su daidai, suka juya gwiwoyin ciki kaɗan suka ɗaure da bandeji. Aka ce in fita. Na tsaya a baranda ina kallon wata bishiyar gwaiba, ban san minti nawa ba.

Da aka kira ni, ɗakin da duhu, hoton na kan allo mai haske. Ni ban ga ƙashi ba da farko. Ramin lambuna na gani da asuba, baƙin ruwa da farin tururi a kwance, ga duwatsu biyu suna shawagi hagu da dama. Na daɗe ina kallo kafin muryar likitar ta dawo da ni. Ta ɗora bakin biro a kan ɗaya daga cikin duwatsun.

"Baba, ka ga wannan? Kan ƙashin cinya ne. Kamata ya yi ya zauna a cikin ramin ƙugu kamar taɓarya a turmi. Nata turmin ba shi da zurfi, kamar faranti yake. Duk takun da ta yi, taɓaryar zamewa take tana gugar baki."

Ta nuna mini inda bakin ya cinye, da inda jiki ya yi ta tara wani ƙashi mai kaushi yana neman gyara abin da ba ya gyaruwa. Ta kira sunan ciwon, displeshiya, kalmar da ta zauna mini a ka har nakan tsinci kaina ina maimaita ta ina ban-ruwa. Ta ja layuka a kan hoton ta auna. Ta ce a ƙasashen da aka ɗauki abin da muhimmanci, ba a barin kare ya yi barbara ko karya ta haihu sai sun cika shekara an ɗauki irin wannan hoto, ƙwararru sun duba gaɓar lungu-lungu sun ba kowane ɓangare maki. Makin ba irin na makaranta ba ne, wanda ya samu kaɗan shi ya ci. Na Raɓa, in ji ta, hagu ya yi muni ƙwarai, dama kuma yana biye. Na tambaya ko sanyi ne ya jawo, ko hawa dutse. Ta ce waɗannan suna tsananta shi, haka ma ƙiba, amma yawanci da shi ake haihuwar kare, daga iyaye yake gangarowa. Sai ta juyo.

"Ta taɓa haihuwa?"

Na ce shida. Ta kashe hasken allon.

Akwai aikin tiyata, amma ga kare mai nauyinta da ɓangare biyu a lalace, ba ta ba ni tabbaci ba, ni ma kuma ba ni da ƙarfinsa. Abin da ya rage shi ne lallaɓawa. A rage mata abinci ta sauke nauyi, a hana ta tsalle, a ɗaga makwancinta daga ƙasa mai sanyi, a ba ta maganin da aka yi don karnuka, da abinci a ciki. Da ta ji a bakin ruwa lambuna yake sai fuskarta ta washe, ta ce in akwai wuri marar zurfi in riƙa sa ta iyo, ruwa zai ɗauke mata nauyin jikinta naman cinyar ya yi ƙarfi.

Ni ban iya ruwa ba. Shekara ashirin ina jan ruwan ramin nan da inji, ban taɓa sa ƙafata ciki ba, kuma na san mutanen da ya ci. Amma ta gabas akwai gangare mai tsakuwa, inda aka ce motocin masu haƙar kuza suke sauka a da. Hajara ta ba ni tsohon zani, na naɗa wa Raɓa a ƙirji na ɗaura doguwar igiya, Baba Azi ya riƙe ɗaya bakin daga tudu. Da rana tsaka muke shiga, lokacin da saman ruwan ya yi ɗumi. Ranar farko na shiga zuwa gwiwa, ita kuma ta tsaya tana dubana. Na ƙara taku biyu ruwa ya kawo mini ƙugu. Sai ta biyo ni, tana ɗingishi, tana ɗingishi, har ƙasa ta sake ta.

Abin da na gani ba zan iya kwatanta shi daidai ba. Ƙafafun nan da take ja a tudu suka buɗe a cikin koren ruwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar na wata dabba daban. Ta ɗaga hanci sama, kunnuwa a kwance, ta kewaye ni sau ɗaya, sau biyu. Gajimare na kwance a kan ruwan tana ratsa shi yana rabewa yana haɗewa a bayanta. Balbelu suka taso daga ƙetare suka wuce ta kanmu ba ƙara. Na manta da tsoro, na manta da sanyin da ke cizon cinyoyina. Sai da Baba Azi ya girgiza igiya ya ce minti goma sun cika na tuna akwai tudu.

Haka muka yi ta yi, kwana uku a sati. Wajen wata na uku ta fara tashi da yunƙuri ɗaya. Ba ta ƙara hawa fa ba, na jera mata buhunan yashi ta riƙa kwanciya a kai tana gadi daga nan. Wani lokaci bayan mun fito nakan kishingiɗa a inuwar bishiyar zaiti rigata na bushewa a kan shinge, barci ya ɗan ɗauke ni. Sau da yawa mafarki ɗaya nake yi, ina ganinta tana gudu a saman ruwan ba ta nutsewa, ni kuma ina binta a baya ba na jin nauyin jikina. In na farka sai in same ta kusa da ƙafata tana lasar gashinta.

Amma maganar 'ya'yan nan shida ba ta bar ni ba. Na fara zuwa wajen Oga Chidi da hoton a cikin ambulan. Ya hau faɗa, ya ce karnukansa masu takarda ne, ni ne na lalata ta da tuwo da hawan dutse. Na ce ya nuna mini uban Raɓa. Muka zagaya baya, ga tsohon karen kwance a kan siminti, cinyoyinsa sun shanye kamar an zare musu nama. Ya ce shi duk zatonsa tsufa ne. Ya karɓi hoton ya ɗaga shi sama yana kallo ta hasken rana, ya daɗe, sannan ya tambaye ni sunan likitar. Ban san iyakar abin da ya yi ba, amma daga baya Dokta Nanret ta ce mini ya kai uku an duba, kuma ya daina haɗa biyu daga ciki. Ban riƙe shi a zuciya ba. Bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba na sayar wa wasu.

Cikin huɗun da na sayar, biyu na samu masu su na gaya musu. Ɗaya ya gode, ɗaya ya ce in dawo masa da kuɗinsa ko in bar masa ƙofar gida. Sauran biyun an wuce da su Bauchi, har yau ban san inda suke ba, ko suna haihuwa ko ba sa yi. Wannan nauyi ne da nake ɗauke da shi.

Ta wajen Baba Azi kuwa, wadda ya sa wa suna Kwalba, lafiyarta ƙalau a ido, tana tsallake shinge kamar barewa. Har ya yi alkawari da wani mai kare a Titin Bauchi za a haɗa su, jikokinsa ma sun fara rabon 'ya'yan da ba a haifa ba. Da ta cika shekara na ce mu kai ta. Ya ce kare da yake gudu haka me za a gani a jikinsa. Amma ya tayar da mota. Hoton ya nuna dama lafiya, hagu turmin bai cika zurfi ba. Likita ta ce in an kula da nauyinta tana iya tsufa ba ta sha wahala sosai ba, sai dai ba ta ba da shawarar ta haihu ba. A hanyar dawowa muka wuce kwanar jami'a. Sannan Baba Azi ya ce, idonsa na kan titi, "To, a nan abin zai tsaya. Ba za mu ba wani mutum kuka ba." Sati biyu bayan haka aka cire mata mahaifa.

Damina ta yi wa Raɓa daɗi. Ba ma shiga ruwa in ya yi ja ya cika, amma ɗumin ya taimaka. Ina ganin mun ci nasara. Da sanyi ya dawo sai komai ya rushe cikin sati shida. Maganin ya daina kama ta, aka ƙara, sai ta fara yawan shan ruwa tana ramewa. Gwajin jini ya nuna ƙoda ta gaji, dole aka janye maganin. Na tambayi likita ko wancan da na ba ta a farko ne sila. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma bai taimaka ba. Na gode mata da ba ta ɓoye mini ba, ko da yake na so ta ɓoye. Daga nan sai da zani nake ɗaga bayanta ta yi fitsari. Gyambo ya fito mata a ƙugu saboda kwanciya. Ta daina kaɗa jela, sai dai ta bi ni da ido duk inda na yi a cikin lambu.

Likita ta gaya mini abin da ya rage, wato allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarta, ta ce in yi tunani. Na samu limaminmu bayan la'asar na ba shi labari duka, ina jin nauyin bakina. Bai yi dariya ba. Ya ce dabba amana ce, kuma barinta cikin azabar da masana suka ce ba ta da magani ba tausayi ba ne. Yaya Inuwa yana wurin. Washegari da na isa lambu na tarar ya riga ni, da diga da shebur a gefensa.

Dokta Nanret da kanta ta zo, da hantsi, ranar Asabar da ba ta aiki. Muka ɗauki Raɓa a kan bargo muka kai ta bakin gangaren inda rana take fara sauka. Tururi bai gama tashi daga ruwan ba. Likita ta ce in ina so in matsa, na ce a'a. Na ɗora kanta a cinyata, ban damu da wace riga ce a jikina ba. Allura biyu ce. A ta farko ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, jikin nan da ya shekara a ɗaure ya sake gaba ɗaya. Ta biyu ban ma san lokacin da aka yi ba, ina kallon wani ɗan tsuntsu da ke tafiya a kan ganyen bado. Baba Azi ya cire hularsa. Yaya Inuwa ya haƙa ramin shi kaɗai, ya ƙi bari kowa ya karɓe shi.

Abin da nake so a ɗauka daga wannan ba shi da yawa. In za ka sayi babban kare, kada ka tsaya a haƙori da katin allura, ka ce a nuna maka hoton ƙugun uwa da na uba. In naka ya cika shekara ka kai a ɗauka kafin ka haɗa shi, ko da yana tsallake katanga. In ka ga gudun zomo ko nauyin tashi da safe, kada ka jira sanyi ya wuce. Masu asibiti kuma, Allah ya saka da alheri, amma ku riƙa buga waya.

Shekaranjiya na sauka a Titin Bauchi sayen taki, sai ga wani mutum a gefen hanya da kwali cike da 'yan kwikwiyo, baƙi da ruwan ƙasa, kunnuwansu ba su ma miƙe ba. Ban yi niyyar tsayawa ba. Ɗaya ta ɗora ƙafafunta a bakin kwalin ta kama yatsana tana tsotsa, cikinta da ɗumi kamar gurasa. Mutumin ya ga fuskata ya ce in kawo ko nawa ne. Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukar hoton ƙugun iyayensu. Ya yi dariya ya ce, "Oga, kare ne fa, ba biza za shi nema ba." Na kwatanta masa asibitin, na ba shi lambata, na ce in ya kai su an duba ya kira ni, ni zan biya, kuma wannan ta bakin kwalin tawa ce. Ya sa takardar a aljihu yana kallon wani mai mota da ya rage gudu.

Na zare yatsana a hankali na tafi. Har yanzu bai kira ba. Ranar dai da warin bakinta a hannuna na yini, ina dasa latas ina kai hannun hanci, har lokacin alwalar la'asar ya yi.